Yadda zaka bi diddigin tarihin tsohon cocin Katolika na ƙauyen kan dutse, ka kuma gane matsayinsa a doka

Toh jama'a, abun da yasa na zauna rubuta wannan shine yawan ganin da nake mutum ya hau tsaunukan Turai ya isa wani ƙauye, ya tsaya gaban tsohon coci ya karanta ɗan allon da aka kafa a bakin ƙofa, yaga an rubuta "ƙarni na 12" ga tambarin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a gefe, ya ɗau hoto shikenan ya wuce yana ganin ya san wajen. Alhali allon nan ko ɓawon labarin bai kai ba. Ginin da mutane suka shekara ɗari takwas ko tara suna shiga suna fita, wannan ya ƙara ɗaki wancan ya toshe taga, wani ya zo ya shafe bangon kaf da farar ƙasa, ai bashi da shekara guda ɗaya, shekaru ne a kwance kan juna, kuma aikinka shine ka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Abun yana da daɗi sosai in ka san ta inda zaka kamo shi, kuma ba sai kana da digiri ba.

Zan riƙa kafa misali da coci guda wanda nafi sani, wato Sant Climent na ƙauyen Taüll, a kwarin Boí cikin tsaunukan Pirenis, yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya. Ƙauyen yana wajen mita 1,500 sama da teku, gidajen dutse ne masu rufin falalen baƙin dutse, da hunturu dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Amma hanyar da zan nuna tana aiki ko a Faransa ne ko Italiya ko Suwizalan ko Polan.

Fara da sunan, ka kamo shi daidai

Wannan kamar wasa amma nan ne mutane da yawa suke ɓata. Galibi cocin Katolika yana ɗauke da sunan wani waliyyi ko na Maryamu, kuma masu suna iri ɗaya sun fi ƙarfin ƙirga, dan haka sunan waliyyin kaɗai bazai kai ka ko'ina ba. Rubuta abu huɗu a takarda: sunan waliyyin, sunan ƙauyen, ƙaramar hukumar da ƙauyen ke ciki, sai dayosis, wato yankin bishop ɗin da cocin ke ƙarƙashinsa. Taüll dai ɗan ƙauye ne amma coci biyu gareshi masu shekaru ɗaya, Sant Climent a mashigar gari da Santa Maria a tsakiyar gari, kaga in kace "cocin Taüll" kawai ai baka ce komai ba.

Sannan ka nemi sunan da duk harsunan yankin. Mutanen dutse kusan ko'ina suna da yarensu daban da na babban birni. Da Katalanci Sant Climent de Taüll, a tsofaffin takardun gwamnati da Sifaniyanci zaka ga San Clemente de Tahull, a takardun coci na da kuwa da Latin ne. In da rubutu ɗaya kawai ka bincika a intanet rabin takardun zasu wuce ka baka sani ba.

Matsayinsa a doka: hawa-hawa ne

In akace gini "kayan tarihi ne" ka tambaya waye ya faɗa, a wace shekara, da wace doka, kuma mene lambarsa a rijista. In ba'a iya amsa waɗannan ba to maganar fatar baki ce.

Hawa na ƙasa shine a saka gini cikin kundin ƙidaya. Wato jami'ai sun zo sun auna sun ɗau hoto sun bashi fayil. Wannan fa ba kariya bace, a kula, mutane na ganin sunan coci a irin wannan kundi sai su ɗauka doka ta tsare shi alhali an dai san da zamansa ne kawai. Hawa na biyu shine doka ta ayyana shi. A Sifaniya dokar 1985 ta kayan tarihi ce ta kawo matsayin da ake taƙaitawa BIC, Kataloniya kuma ta yi tata dokar a 1993 inda babban matsayi shine BCIN, ƙarami na ƙaramar hukuma kuma BCIL. Sant Climent tun 1931 aka ayyana shi cikin gine-ginen tarihi na ƙasa, tun kafin waɗannan dokokin ma. A Faransa dokar 1913 ce uwa, kuma suna da mataki biyu, classé shine na sama, inscrit na ƙasa da shi, sannan duk ginin da za'a taɓa cikin mita 500 kewaye da irin wannan waje sai an ji ta bakin jami'in gine-ginen tarihi. Suna da rumbun bayanai kyauta a intanet, Mérimée na gine-gine, Palissy na kayan ciki kaman gumaka da ƙararrawa da kofunan sujada, ka duba duka biyun dan sau tari ginin kansa ba'a ayyana shi ba amma wani gunkin katako guda a ciki an ayyana shi. A Italiya dokar 2004 ce, kuma ginin coci da ya haura shekara 70 ana ɗaukarsa a matsayin mai kariya har sai hukuma ta bincika tace a'a.

Me wannan matsayi yake haifarwa a zahiri? Fada, wato limamin da ke kula da cocin, ba zai tashi rana ɗaya ya canza ƙofa ko ya sa a shafa siminti ba sai da izini, ba'a fitar da kayan ciki daga ƙasar haka kawai, kuma hanyar neman tallafin gyara ta buɗe. Amma bai canza mai gini ba. A Sifaniya galibi dayosis ke da shi, a Faransa kuwa sakamakon dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati, cocin ƙauyen da aka gina kafin lokacin galibi mallakar ƙaramar hukuma ne, coci dai amfani yake da shi. Sanin wannan zai gaya maka ƙofar wa zaka ƙwanƙwasa in kana neman mukulli ko takarda. Ita ma cocin Katolika tana da tata dokar ta cikin gida, wadda ta 1983 ta wajabta a ajiye jerin kayan kowane coci a rubuce, kuma kaya mai darajar tarihi ko fasaha ba'a sayar da shi sai da amincewar fadar Fafaroma.

Hawa na sama shine UNESCO, ƙarƙashin yarjejeniyar 1972. Nan ma akwai rashin fahimta, UNESCO bata mallakar komai kuma bata zuwa ta zaɓa da kanta, ƙasar ce take gabatarwa, ƙwararrun ICOMOS, ƙungiyar masana wuraren tarihi da ke ba UNESCO shawara, su je su duba su rubuta rahoto, kwamiti mai ƙasashe 21 ya yanke. Nauyin kula yana nan kan ƙasar. Kwarin Boí ya shiga a shekarar 2000, kuma ba kwarin gaba ɗaya ba, gine-gine tara ne aka lissafa da suna: biyun Taüll, Sant Joan na Boí, Santa Eulàlia na Erill la Vall, Sant Feliu na Barruera, Nativitat da Sant Quirc na Durro, Santa Maria na Cardet da Assumpció na Cóll. Dan haka in kaga ana tallan wani coci da sunan UNESCO ka buɗe shafinsu ka duba ko sunansa na cikin jerin, ko kuwa maƙwabtaka ce kawai. Haka abun yake da cocin katako na kudancin Polan da suka shiga a 2003, guda shida ne cak, ciki harda na Mala'ika Mika'ilu a ƙauyen Dębno. Kuma shawarar da nafi so in baka anan: a shafin kowane waje akwai takardar da ƙasar ta gabatar da rahoton ICOMOS, kyauta ne, ka sauke su a waya kafin ka tafi, akwai taswira da tarihin gyare-gyare a ciki wanda ba zaka samu a wajen ɗan jagora ba.

Yanzu ka je ka tsaya a gabansa

Gani ya kori ji. Kar ka yi saurin shiga ciki, zagaya ginin tukuna a hankali, ko sau biyu, kuma inda hali da sassafe ko da yamma lokacin da rana ke bugun bango ta gefe, dan a lokacin ne kowane tabo yake fitowa. Nemi ɓangaren da ya zagaye kamar rabin ƙwarya, can ne bagadi, wato teburin da fada yake jagorantar sujada a kai, yake ta ciki, kuma a tsofaffin coci kusan kullum gabas yake kallo. Sant Climent yana da irin wannan guda uku, babba a tsakiya ƙanana a gefe, wanda ke gaya maka tun daga waje cewa cikin layi uku ne.

Sai ka sa ido kan jeren duwatsu. Inda magini ɗaya yayi aikinsa a lokaci ɗaya zaka ga layin yana tafiya sumul, duwatsu suna sarƙe juna. Inda kaga wani layi ya miƙe daga sama har ƙasa duwatsun hagu basu shiga cikin na dama ba, to ruwa baya tsami banza, ƙari akayi daga baya. Inda kaga siffar baka a jikin bango an cike cikinta da wani dutse daban, tsohuwar ƙofa ce aka toshe, ka tambayi kanka ina take fita da, sau tari maƙabarta ce. Ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu a jere kuwa ba ɓarna bace, wajen da magina suka soka katakon tsayawa ne lokacin gini. Taga ƴar ƙarama mai zagayayyen kai, ƙunci ta waje faɗi ta ciki, salon Romanesk ne na ƙarni na 11 da 12, mai tsinin kai kuma Gotik ne wanda ya biyo baya. Amma fa ka yi hattara da yanke shekara da salo kaɗai, a kan dutse sabon yayi yana daɗewa bai iso ba, magini zai ci gaba da yin abun da ya gada wajen ubansa shekaru aru-aru bayan an daina yinsa a birni.

A Taüll ka ɗaga kai ƙarƙashin rufi zaka ga ƙananan bakuna a jere an manna su a bango kaman ado, da wani layi mai kama da haƙoran zarto, wannan hannun maginan Lombardi ne na arewacin Italiya, salonsu ya bazu har Pirenis. Sai hasumiyar ƙararrawa, siririya mai hawa shida, wadda ni dai duk sanda na tuna da ita sai naji wani abu a raina. Lura da tagoginta, ƙasa ƙanana ne, ana hawa suna ƙara buɗewa, wato ana rage wa ginin nauyi ne yana tashi. Kuma ba ta kiran sujada kaɗai bace, hasumiyar Taüll da ta Boí da ta Erill la Vall suna hangen juna, ana iya isar da alama daga wannan zuwa waccan.

Tambayar da ya kamata ta zo maka anan itace: ina ƴan ƙauyen makiyaya suka samu kuɗin wannan aiki? Kullum ka bi sawun kuɗin, nan tarihin yake. A kwarin Boí iyayen gidan yankin ne, zuri'ar Erill, waɗanda suka bi sarkin Aragon Alfonso na ɗaya yaƙe-yaƙensa da daulolin Musulmi na Andalus, ciki harda cin Saragosa a 1118, ganimar da suka dawo da ita ce ta ɗauko ƙwararrun magina da masu zane zuwa wannan lungu. Shekara biyar kacal tsakanin cin Saragosa da keɓe Sant Climent a 1123, wato ranar da bishop ya tsarkake shi domin sujada.

Abu ɗaya kuma da nake roƙon ka duba, kwaɓin da ke tsakanin duwatsu. Na asali na farar ƙasa ne, fari-fari mai taushi. In kaga toka-toka mai tauri to siminti ne na gyaran ƙarni na 20, kuma yana cutar da ginin dan baya barin laima ta fita, ruwa ya maƙale a dutse sanyi ya daskarar da shi dutsen ya dare. Duba indararo da gindin bango ta arewa ma, in akwai gansakuka da jiƙa ka san cocin na neman agaji komai girman lambar yabon da yake da ita.

In cocin katako ne ko rufinsa na da tsofaffin azara, ka tambaya ko an taɓa ƙirga zoben itacen. Masana suna kwatanta zoben shekarun itace su faɗi shekarar da aka sare shi. Da haka aka gano cewa katakon da ke ginin gidan ibada na Müstair a tsaunukan Suwizalan an sare shi wajen shekarar 775.

Ciki

Da ka shiga ka tsaya minti biyu ido ya saba da duhu. Ka riƙe ƴar tocila, kuma kar ka haska bango kai tsaye, kwantar da hasken ta gefe zaka ga tudu da kwarin filasta, wani lokacin harda inuwar zanen da aka shafe. Banda taɓawa dan Allah, banda filashin kyamara. Nemi ƙananan gicciye da aka zana ko aka sassaƙa a bango, guda 12 ake yi, wajen da bishop ya shafa mai ranar keɓe cocin. Nemi kwamin baftisma na dutse, sau da yawa ya girmi ginin da yake ciki dan in an rushe tsohon coci an yi sabo shi ake riƙewa. Teburin bagadi da kaga an jawo shi gaba fada yana fuskantar jama'a, wannan canjin bayan babban taron Vatican na biyu ne na 1962 zuwa 1965. In an yarda ka hau hasumiya ka karanta jikin ƙararrawa, yawanci akwai shekara da sunan maƙerin.

A Sant Climent an samu rubutu a jikin wani ginshiƙi da ke cewa Ramon, bishop ɗin Roda da Barbastro, ya keɓe cocin ranar 10 ga Disamba 1123, washegari kuma ya keɓe Santa Maria. Ka riƙe wannan da kyau: ranar keɓewa daban, ranar gini daban. Bishop yana zuwa ne in aiki ya kai inda za'a yi sujada, wataƙila an shekara da shekaru ana yi, kuma shi wannan an ɗora shi ne kan wani tsohon coci na ƙarni na 11. Dan haka in zaka rubuta kace "an keɓe shi a 1123", kar kace "an gina shi a 1123".

Abun da babu shi a wajen

Nan ne nake so ka fi natsuwa, dan rabin tarihin irin waɗannan coci yana cikin abun da aka ɗauke. Zanen da yasa duniya ta san Taüll, wato Almasihu zaune cikin ɗaukaka da manyan idanu, hannun dama a ɗage yana sa albarka, na hagu riƙe da littafi a buɗe an rubuta EGO SUM LUX MUNDI, ma'ana ni ne hasken duniya, wannan zanen baya Taüll. Yana Basalona.

Ga yadda akayi. Ƙarnuka suka shuɗe zanen yana ɓoye a bayan wani katon allon bagadi na katako da aka kafa daga baya, talaucin kwarin kuma ya hana a rushe ayi sabon yayi kamar yadda garuruwa masu kuɗi suka yi, wato rashi ne ya tsare shi. A 1907 wata tawagar masana daga Basalona, cikinsu akwai Josep Puig i Cadafalch da mai hoto Adolf Mas, suka hau kwarin suka ɗau hotuna aka buga. Da labari ya fita sai dillalan kayan tarihi suka farga. A 1919 aka ɓanɓare zanen cocin Santa Maria de Mur da ke wani yanki kusa, aka sayar, zuwa 1921 ya tsinci kansa a gidan tarihi na Boston a Amurka, kuma har yau yana can. A lokacin babu dokar da zata hana. Hukumar gidajen tarihi ta Basalona ta shiga halin gaba kura baya sayaki, in ta bar zanen a bango za'a sayar waje, in ta cire ta raba ƙauyuka da abunsu. Sai ta zaɓi ta saya ta cire da kanta, tsakanin 1919 da 1923, kuma ta ɗauki su waɗancan ƙwararrun Italiyawa da suka yi aikin Mur, jagoransu Franco Steffanoni.

Dabarar suna kiranta strappo. Ana shafa gam na fatar dabba a fuskar zanen a manna ƙyalle, a bari ya bushe ya kama, sai a ja a hankali, fatar fentin ta sama ta biyo ƙyallen ta bar bangon. A naɗe kaman tabarma, a ɗora wa alfadarai su sauko da shi daga dutse dan babu hanyar mota. A birni sai a manna bayansa kan sabon yadi da gam ɗin da ruwa baya narkarwa, a wanke ƙyallen gaba da ruwan zafi, a kafa shi kan firam na katako mai siffar ainihin bangon. Yau suna gidan tarihin fasaha na Kataloniya a tudun Montjuïc cikin Basalona.

Ni gaskiya bana ganin laifin waɗanda suka cire, musamman in aka tuna cewa a 1936 da yaƙin basasa ya ɓarke an ƙona coci masu yawa a Kataloniya da kayan cikinsu. Amma kuma yana min ciwo, dan an yi zanen nan ne domin mutumin da ya shigo daga sanyi ya ɗaga kai cikin hasken kyandir, ba domin ɗakin baje koli ba. Shi ya sa nake jin daɗin abun da akayi a 2013, aka cire kwafin da ya daɗe a bangon, aka tsaftace ragowar fentin asali da ya maƙale a ƙasa, sannan aka sa na'urar haska hoto tana maido da zanen a kan bangon sannu a hankali, layi bayan layi har launi ya cika. Shuɗin nan mai zurfi na asali daga wani ma'adini ne na Pirenis da ake kira aerinita, wato mai zanen da ƙasar wajen yayi aiki.

Dan haka a kowane coci ka tambaya kai tsaye: wannan na asali ne ko kwafi, in kwafi ne ina na asalin? A Erill la Vall gumakan katako bakwai da ke nuna sauko da Yesu daga gicciye kwafi ne, na asalin an raba su gida biyu, wasu a Basalona wasu a gidan tarihin dayosis na Vic. Akasin haka ma na faruwa, a Müstair zanen wajen shekarar 800 an shafe shi ne da farar ƙasa, sai tsakiyar ƙarni na 20 aka kankare aka fito da shi yana nan a bangonsa.

Takardu da mutane

Bayan ido ya gama nasa sai ka koma takarda. Taron Trent, babban taron shugabannin cocin Katolika, a 1563 ya wajabta wa kowane coci ajiye rijistar baftisma da ta aure, daga baya a 1614 aka ƙara ta mamata, kuma fada yakan rubuta abubuwa a gefen shafi, shekarar annoba, ranar da ƙanƙara ta zafto ta danne gidaje. Amma waɗanda suka fi amfani ga tarihin gini sune rahotannin ziyarar bishop, dan duk sanda ya zo ko ya aiko wakili ana rubuta halin da aka samu cocin, rufi na yoyo, a gyara ƙofa, a shafe wancan zane. Sai littafin kuɗin coci inda zaka ga an biya kafinta ko maƙerin ƙararrawa. Yawanci an kwashe su zuwa ma'ajiyar dayosis, na Taüll dayosis ɗin Urgell ne. Ka aika saƙo tun da wuri ka faɗi takamaiman abun da kake nema, kuma in akace babu kar ka yi mamaki, yaƙi da gobara da ɓera sun ci da yawa. Ka nemi tsofaffin hotuna da katin gaisuwa ma, hoton 1907 gefe da na yau zai nuna maka abun da masu gyara suka cire dan gini ya "koma asali", wanda shima tarihi ne.

Su kuwa mutane kar ka raina su. Na taɓa isa wani ɗan coci a Pirenis na tarar da shi a kulle, fada ɗaya ne ke zagaya ƙauyuka da yawa, sai aka nuna min gidan wata dattijuwa da mukullin ke hannunta, wani katon mukulli na ƙarfe da ya kai tsawon tafin hannuna. Ta buɗe da hannu biyu, ta tsoma yatsa a ruwan tsarki ta yi alamar gicciye, sannan ta ja ni bayan wani benci ta nuna min wani layin laima a bango tace nan ruwa yake kaiwa duk bazara in ƙanƙara ta narke, kuma tun tana yarinya yake hawa. Wannan babu shi a ko wane fayil da na karanta. Ka gaishe su da yarensu ko kalma biyu ce, ka sa tufa mai mutunci, maza su cire hula, in ana Mas, wato sujadar Katolika, ka jira a gama, kuma ka jefa wani abu a akwatin gyara. Abun da suka gaya maka ka rubuta shi a matsayin abun da aka gaya maka, kar ka cakuɗa shi da abun da ka gani a takarda.

In ka zo haɗa bayananka, kowace shekara ka rubuta mata madogara a gefe, ko rubutun bango ce, ko takardar ma'ajiya, ko ƙiyasin salo, ko zancen baka, sai ka sa matsayin doka da shekararsa da lambarsa, da jerin kayan da aka ɗauke da inda suke yanzu. In kwarin Boí zaka je, fara da cibiyar bayani da ke Erill la Vall ka karɓi jadawalin buɗewa dan ba duka taran ake buɗewa kullum ba, kuma ya danganta da lokacin shekara. A Yuni da Yuli ƙauyukan suna bikin falles, matasa su sauko daga dutse da dare ɗauke da itace mai ci da wuta zuwa dandalin gari ana kaɗa ƙararrawa, shima UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado a 2015, masauki yana wuya a lokacin sai ka kama da wuri. Ka ware yini guda na Montjuïc, kuma in zaka iya ka fara hawa Taüll ka ga bangon tukuna kafin ka sauka Basalona ka ga zanen.